An Binne Iya Kande a Takarda

Ranar da aka mayar da Iya Kande ɗakin baya, babu wanda ya ɗaga mata murya. Da ladabi aka yi komai. Babban ɗanta, Alhaji Munzali mai fataucin shanu, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Iya, ɗakin nan naki ya yi kusa da falo, hayaniya ta yi miki yawa. Mun share miki na baya, wanda ke jikin garke."

"Ni na kawo maka ƙarar hayaniya?" in ji ta. "Kunne ɗaya ya rage mini, Alhaji. Da hayaniyar nake sanin akwai mutane a gidan."

"Na 'yan kwanaki ne, Iya. Har Siddiƙa ta gama abin da ke gabanta."

Da ta ji sunan Siddiƙa sai ta fara naɗe tabarmar sallarta. Siddiƙa ita ce 'yar farin Alhaji. Tun ranar yaye aka miƙa wa Iya ita, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari, ta raine ta a garinsu, Babban Mutum, shekara tara, kafin ciwon ƙafa ya sa aka ɗauko su su biyu aka dawo da su Daura. In dai an ce don Siddiƙa ne, ko a rana aka ce Iya ta zauna, za ta zauna.

Ga abin da ba a gaya mata ba.

Siddiƙa tana ajin ƙarshe a wata makarantar kuɗi a Abuja, irin wadda 'ya'yan jakadu da na manyan 'yan kasuwa ke yi. Karatunsu na Turai ne, jarrabawar ma daga can ake aiko ta, can kuma ake mayar da ita a duba. Duk wanda ya kai ajin ƙarshe sai ya zaɓi jami'ar ƙasar waje da yake so, ya rubuta mata takarda guda, ya faɗi ko shi wane ne da dalilin da ya sa yake son karatun da ya zaɓa. Siddiƙa likita take son zama. Sai ta rubuta labarin kakarta: ungozoma ce shekara talatin, ita ta karɓi haihuwar rabin Babban Mutum, har daga ƙetaren iyaka ake zuwa da amalanke a ɗauke ta. Ta rubuta yadda take bin ta da ƙwaryar ruwan ɗumi tun tana 'yar shekara shida. Duk gaskiya ne.

Ƙanin Alhaji, Nu'uman, shi ne ɗan bokon gidan, yana aiki a wani ofis a Katsina. Shi aka ba takardar ya duba. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ta yi kyau," ya ce, "amma babu hawaye a ciki. Yaya, mutum dubu ne ke neman kujera ashirin, kuma kowa da kakarsa. Bature ba ya buɗe maka ƙofa don kana da kaka mai rai."

Ya zauna gaban kwamfuta tun hantsi. Kafin ya tashi, Iya Kande ta rasu. Da damina ta rasu, a bisa amalanke, a kan hanyar asibitin da ba a kai ga isa ba, jikarta na riƙe da hannunta, kuma a nan ne yarinyar ta yi alkawarin zama likita. Siddiƙa, da ta zo gida hutu, ta karanta ta fashe da kuka, ta ce ita ba za ta aika ba.

"Abba, Iya fa tana tsakar gida tana tsinke zogale!"

"Wa ya ce miki ba ta nan?" in ji Alhaji. "Takarda ce. Takarda ba ta kashe mutum. Baffanki ya fi ki sanin Turawa."

Uwarta, Hajiya Rabi, ta dafa ta. "Ai kakarki ta wajena ta rasu. In kina faɗa ki riƙa sa ita a ranki, kin ga ba ki yi ƙarya ba ke nan."

Kafin la'asar an aika.

Malamar da ke shirya ɗalibai a makarantar, wata Baturiya mai saurin hawaye, ta karanta ta bugo wa Alhaji waya, ta yi masa ta'aziyya da guntuwar Hausarta. Yana tsaye a tsakar gida yana cewa, "Na gode, na gode, sai haƙuri." Iya tana zaune a ƙofar kicin tana kallonsa, ta ɗauka wata saniya ce ta faɗi a hanyar Kudu.

Jami'ar ta ce za ta gana da Siddiƙa ta kwamfuta nan da mako shida. Makaranta ta sallami 'yan ajin ƙarshe su je gida su yi shiri, malamar kuma tana kira kowace safiya, fuska da fuska, tana yi mata tambayoyin gwaji. A kwana na uku Iya ta turo ƙofar falo da kofin kunun tsamiya a hannu.

"Ke 'yar gidana, tun safe ba ki sa komai a cikinki ba, kina ta yaren tsuntsaye." Ta sunkuya ta kusa sa hancinta a jikin kwamfutar. "Wannan ce malamar? Sannu, Baturiya. Ki riƙa barinta tana cin abinci, kin ga wuyanta."

Baturiya ta yi murmushi ta tambayi ko wace ce. Nu'uman yana wurin. Ya yi 'yar dariya ya ba ta amsa da Turanci. Siddiƙa kaɗai ta ji abin da ya ce: tsohuwar mai aikin gidan ce.

Washegari aka share ɗakin baya.

Ɗakin dā wurin ajiye dusa ne da harawa. Rufin kwano ne babu silin, ga shi ana tsakiyar bazara. Taga ɗaya gare shi, ita ma garke take kallo. Daga hantsi zuwa la'asar kwanon nan sai ya riƙa ƙara don zafi, Iya ta jiƙa zani ta yafa, ya bushe, ta sake jiƙawa. Da zarar lokacin darasi ya yi, Hajiya Rabi za ta zo ta ja ƙofar ta sa sakata ta waje.

"Rabi, me ya kawo sakata?"

"Iska ce ke buga ƙofar, Iya, ana jin ƙarar har falo."

"Wace iska? Da akwai iska ai da na sha."

Wayarta ma aka karɓa. Iya in tana waya da mutanen Babban Mutum har maƙwabta sai sun san wa ta haihu, wa ya sayar da rago. Alhaji ya ce batirin ya lalace, za a kai gyara. Ba a ƙara ganinta ba.

Tun da suka dawo Daura, duk yammacin da Siddiƙa take gida ita ke shafa wa Iya man zafi a ƙafa, suna hira, suna tsokanar juna. Kwana biyar Iya tana jira da kwalbar man a gefenta. A na shida ta aika a kira ta. Hajiya Rabi ce ta zo.

"Iya, malamarta ta ce kada ta yi Hausa har a gama. Tana ɓata mata harshe."

"Hausar da ta sha a bayana?"

"Haka dokarsu take."

"To ta zo ta zauna shiru, ni in yi ta magana."

"Jin ma yana ɓatawa, Iya."

Malamar ba ta taɓa faɗin haka ba. Siddiƙa ce ta kasa zuwa. Yarinyar da ke ba da labarin rasuwar kakarta sau uku kafin azahar, Baffanta na koya mata inda za ta dakata, da inda za ta sunkuyar da kai, da inda muryarta za ta karye, da wane ido za ta shiga ɗakin nan ta kalli tsohuwar? In ta fito za ta kewaya, sai ta bi ta bayan tankin ruwa don kada a hango ta ta taga.

A mako na uku aka ƙaro wani malami mai kira da rana. Darasi ya tashi daga awa biyu ya koma yini. Sakata ta riƙa daɗewa, wata rana ma a manta da ita. Wata ranar Talata aka kira azahar, Iya ta ɗaga buta ta ji babu komai a ciki. Ta buga ƙofa. Janareta na ta ruri, babu wanda ya ji. Ta buga har hannunta ya yi zafi. Da ta ga lokaci zai fita, sai ta dafa bangon ɗakin ta yi taimama. A gidan da ke da rijiyar burtsatse da tanki biyu, a gidan ɗan da ta haifa, Iya Kande ta yi taimama. Da aka buɗe bayan la'asar ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi a riƙa cika mata buta. Hajiya Rabi ta cika buta, ta kuma kawo mata fo irin na yara ta ajiye a lungu, ta ce, "Don kada ki matsu, Iya." Tsohuwar ta kalli fon nan ta kau da kai.

Ƙafafunta suka kumbura har zoben azurfar da ke yatsanta na ƙafa ya nutse. Alhamis ce ranar ganin likitanta. Alhamis ta farko direba ya kai Nu'uman sayo wata na'ura da za ta ƙara wa kwamfuta ƙarfi. Ta biyu, an ce gwaji ne babba, ba a son motsin mota a gida. Ta uku babu wanda ya ma tuna. Ƙwayoyin hawan jininta suka ƙare, ta riƙa jin kanta kamar an ɗora mata turmi.

Alhaji yana leƙowa bayan sallar asuba, ya tsaya daga bakin ƙofa. "Iya, an kusa. Ai duk don ke ake yi. In ta zama likita, wa za ta fara dubawa in ba ke ba?"

"Allah ya nuna mana," in ji ta. "Shigo mana ka zauna."

"Ana jirana a kara, shanu sun iso."

Wata yamma ta ji muryar Siddiƙa a bayan ɗakin. Yarinyar ta zo nan ne don ta haddace maganarta inda ba kowa, ta manta taga a buɗe take. Iya ta kanga kunnenta mai ji. A cikin Turancin nan duka ta tsinci abu biyu: Kande, da Babban Mutum. Ta ji an maimaita, ta ji muryar ta karye. Da aka kawo mata tuwo ta riƙe hannun surukarta.

"Rabi, na ji sunana a bakin 'yar gidana. Me take gaya musu?"

"Yabonki take yi, Iya."

"To me ya sa take kuka?"

"Haka Turawa suke so."

"Ikon Allah," in ji Iya, tana murmushi. "Har Turai an san Kande." Ranar nan ta cinye tuwonta tas, abin da ta yi kwanaki ba ta yi ba.

Ranar ganawa aka kai awaki gidan maƙwabta, aka sa sakata tun ƙarfe takwas. Siddiƙa ta zauna gaban mutum uku ta ba da labarin amalanke, ta yi kuka a inda aka koya mata, kukan kuma ba na koyo ba ne. Bayan mako uku saƙo ya zo: an ɗauke ta. Alhaji ya yanka rago. Iya ta ɗaure kayanta a zani tana jiran a zo a mayar da ita ɗakinta. Aka ce ɗakin cike yake da akwatunan tafiya, kuma akwai sauran biza, ta ƙara haƙuri.

Makarantar ta yi alfahari da ɗalibarta. Malamar ta nemi hoton marigayiyar, Nu'uman ya aika da wanda aka ɗauke ta ranar Sallah da farin mayafi. Suka sa hoton a shafinsu tare da takardar, mutane suka yi ta rubuta ta'aziyya a ƙasa. Wani malamin firamare a Babban Mutum ya ci karo da shi a wayarsa. Bai tsaya karanta dogon Turanci ba, ya ga fuskar da ya sani, ya ga addu'o'i, ya ruga wurin Mainasara, ƙanin Iya. Mainasara ya kira wayar yayarsa, a kashe, kamar yadda take wata biyu. Ya kira Alhaji sau huɗu, Alhaji yana cikin kara bai ɗauka ba.

Da hantsin Asabar wata bas ta tsaya a ƙofar gida. Mutum goma sha ɗaya suka fito, da buhun gero na sadaka. Hajiya Rabi na hango su ta ruga ta sa sakata, don hannunta ya riga ya saba.

Daga cikin ɗaki Iya ta ji salati da koke-koke. Ta ji muryar Talatu, aminiyarta tun suna 'yan mata. "Allah ya jiƙan Kande! Ita ta yanke wa 'ya'yana bakwai cibiya!" Iya ta fara lissafa Kanden da ta sani, wace ce ta rasu ba a gaya mata ba. Sai ta ji Mainasara yana daka tsawa.

"Munzali! Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita! A binne yayata in ji a bakin malamin makaranta? Nuna mini kabarinta!"

Iya ta ɗauki buta ta riƙa dukan ƙofa da ita. Tsakar gida ta yi tsit. Mainasara ya bi ƙarar har bayan gida, ya ga sakata, ya zare.

Ta fito tana dafa bango, ido a ƙanƙance don hasken rana. Mata biyu suka zubar da takalma suka yi zaure da gudu. Talatu ta zube a ƙasa tana a'uziyya.

"Tashi, Talatu, ba fatalwa ba ce. Taɓa ni ki ji. Fatalwa tana kumburin ƙafa?"

Mainasara ya leƙa ɗakin. Ya ga tabarma, ya ga buhunan dusa da ba a gama kwashewa ba, ya ga fo a lungu. Ya juyo ya kalli Alhaji.

"Kawu, kuskure ne na masu buga na'ura," in ji Alhaji.

"Sakatar ma na'ura ce ta sa? Yaya, ɗauko mayafinki. Daga nan sai ofishin Hisba, daga can sai gaban alƙali. Makarantar kuma ni da kaina zan sa a rubuta musu cewa ga ki nan da ranki."

Nu'uman ya sha gabansa, ya durƙusa. "Kawu, don girman Allah. In makarantar ta ji, jami'ar ta ji. Za su janye kujerar, su aika sunanta ko'ina cewa maƙaryaciya ce. Ba ita ba karatu a can har abada. Yarinyar ba ta da laifi."

Iya ta samu turmi ta zauna a kai. Ta daɗe tana kallon ƙaramin ɗanta.

"Auta, matso, ka yi magana ta wannan kunnen. Me aka rubuta?"

Ya faɗa mata, yana kallon ƙasa.

"Kai ka rubuta?"

"Iya, dabara ce ta zamani. Kowa haka yake yi."

"Kowa uwarsa yake kashewa?" Sai ta ƙara da cewa, "Karatun shekara nawa ne?"

"Shida."

"Shekara shida zan yi a mace ke nan."

Ta ɗaga kai ta hango Siddiƙa a bayan ginshiƙin baranda, ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na girgiza. Rabonta da ganin fuskar yarinyar tun ranar kunun tsamiya. Ta ga ta rame.

"Mainasara," in ji Iya, "ku koma gida. Ku ce wata Kanden ce. Ka ja wa malamin nan kunne kada ya rubuta komai."

"Yaya, ki zo mu tafi. Ɗakinki yana nan, ko kwano bai yoyo."

"In na je, suna na farko da za a yi sai an jawo ni an ɗauke ni hoto da jariri, a sa a waya. Ka san mutanenmu." Ta gyara zama. "Ba don waɗannan biyun na zauna ba. Su na bar su da Allah. Geron ku bar shi, a riƙa dama mini kunu. Nawa ne ai, ni aka kawo wa."

Talatu ta yi dariya tana kuka. Mainasara bai sha ko ruwan gidan ba. A bakin zaure ya ce wa Alhaji, "Kada ka ƙara kirana Kawu."

Sai ana gobe tafiya, bayan la'asar, Siddiƙa ta iya shiga ɗakin baya. Ta durƙusa daga bakin tabarma ta kasa gaisuwa.

"Au, an ɗage dokar Hausar?" in ji Iya. "Matso. Ina son in ji daga bakinki. Me ya kashe ni?"

"Iya, ki yafe mini."

"Tambayarki na yi. Mutum ai ya kamata ya san ciwon ajalinsa."

"Zazzaɓi ne. Da damina. Hanya ta yanke, aka sa ki a amalanke."

"Shanun wa aka ɗaura?"

"Ba a faɗa ba."

"Baffanki bai san ƙauye ba. Da ya ce na Mainasara, da an fi yarda, ba su da sauri." Ta dube ta. "Kina wurin?"

"Ina wurin. Na riƙe hannunki."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

"To kin kyauta wa waccan. Ni yau kwana ɗari da wani abu ban ga tafin hannunki ba."

Siddiƙa ta kifa kanta a kan kumburarrun ƙafafun nan ta yi ta kuka. Ta ce za ta rubuta musu yau ɗin nan ta faɗi gaskiya, ta fasa tafiyar, ta yi karatun a Katsina ko ma ta bari.

"Ba za ki rubuta ba. Zafin ɗakin nan na riga na sha shi, taimamar na riga na yi ta. In kin fasa, a banza na sha ke nan. Ki je ki koyo abin da za ki koyo." Ta ɗago haɓar yarinyar da yatsa. "Abu ɗaya nake so. In sun ƙara tambayarki, ki faɗa musu yadda kika saba, amma kada ki ƙara yi musu kuka. Kukan nan nawa ne. Ki ajiye mini shi, zan buƙace shi."

Da safe mota ta tafi Kano, filin jirgi. Iya ba ta raka ta ko zaure ba, don 'yan rakiya kowa waya a hannu.

Ba na faɗin wannan don a ce karatun waje haram ne. Makarantar ba ta ce a yi ƙarya ba, cewa ta yi yaro ya faɗi ko shi wane ne, kuma abin da yarinyar ta fara rubutawa ya isa a yi alfahari da shi a ko'ina. Manyan gida ne suka duba uwar da ta haife su suka ga gawarta ta fi ranta amfani. Babu alƙalin da aka kai wa wannan ƙara. Ba a doki kowa ba, ba a hana kowa abinci ba, ba a ɗaga wa kowa murya ba. Alhaji Munzali har yau yana sahun gaba a masallaci, in ana zancen tarbiyyar 'ya'yan zamani shi ke fara girgiza kai. Nu'uman kuwa suna ya yi, iyaye har daga Dutsi suke kawo masa takardun 'ya'yansu ya gyara.

Siddiƙa tana kira ran Juma'a. Amma abokiyar ɗakinta ta karanta labarin, ta ma yi mata ta'aziyya, don haka sai ta fita matakalar bene ta yi magana ƙasa-ƙasa. Iya ta manna wayar Rabi a kunnenta mai ji, ta ce, "Ɗaga murya, 'yar gidana, ba na jin ki." Yarinyar ba ta iya ɗagawa. Su yi ta haka har kati ya ƙare.

Da Babbar Sallah ta zo, gida ya cika. Jikoki suka yi ado, Alhaji ya sha babbar riga, aka jeru a baranda za a ɗauki hoton da za a aika wa Siddiƙa ta nuna wa ƙawayenta danginta. Iya ta fito da sabon zaninta, ta lallaɓa ta tsaya a tsakiya, inda take tsayawa kowace shekara. Nu'uman ya ɗaga waya, ya sauke. Ya kalli yayansa, yayansa ya kalli ƙasa.

"Iya," ya ce a hankali, "ɗan matsa kaɗan."

Ta matsa.

"Ƙara kaɗan, Iya. Gefen mayafinki yana fitowa."

Ta tattare mayafin ta riƙe a hannu, ta jingina da bango, tana kallon 'ya'yanta da jikokinta suna murmushi.